Totuwa a Hancin Ganga

Har yau, in tukunyar tuwo ta fara huci a kan murhu, sai in tsinci kaina a tsakar gida da yaro a ƙirjina, ban san lokacin da na sure shi ba. Wata huɗu ke nan da faruwar abin. An ce in manta, tunda ba wanda ya mutu. Masu cewa in manta ba su ne suke ganin hannuna na dama ba kullum in na naɗe riga zan yi alwala.

Mijina ma'aikaci ne a ma'aikatar ayyuka ta En'e a nan Kazaure, ƙarƙashin wani Baturen injiniya mai zuwa rangadi daga Kano. Ni 'yar Roni ce. Ubana magatakardan hakimi ne, don haka da aka ce a kawo 'ya'ya mata makaranta, a kansa abin ya fara faɗawa. Na yi shekaruna a makarantar 'yan mata a Kano, na fito da Turancin da ya fi na mijina. Shi ma ya san haka, yana kuma alfahari da shi, in dai a cikin ɗaki ne.

Ina da ciki wata biyar ya shigo wata rana da wata 'yar takarda mai zane-zane, yana murmushi kamar wanda aka yi wa sarauta.

"Malama, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki karanta mana. Bature ne ya ba ni. Ya ce duk wanda ya iya haɗa wannan a gidansa, da ƙafarsa zai zo ya gani."

Na karanta. Yadda ake dafa ruwa ne da rana, ba wuta, ba itace.

"Kin gane ke nan?" ya ce. "Wankan jegonki. Kwana arba'in, safe da yamma, ko tsinke ba za mu ƙona ba. Bature ya ce matan jego ne suke cinye dajin ƙasar nan."

Matan jego. Ba gonakin gyaɗar da ake ta sharewa don a cika wa Turawa buhuna ba, mu ne da 'yar tukunyarmu. A ranar ban ji haushin maganar ba. Dariya na yi. Gaskiya ne itace ya yi wuya tun da aka shata gandun daji, malaman daji suna kama masu sara, ma'aikacin En'e kuwa ba ya son a ga jakin itacen sata a ƙofar gidansa. Amma ba wannan ne ya ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne, tun da na baro makaranta ba wanda ya sake neman in karanta masa wani abu da ya wuce wasiƙar gaisuwa.

Ni na fassara takardar layi-layi, shi ya kai wa maƙeri da kafinta. Aka samo gangar kananzir, aka wanke ta da toka da ruwan zafi har warin ya fita, aka naɗe ta da audugar rimi da buhu don ta riƙe zafi, aka ɗora ta a kan wasu itatuwa bisa soron ɗakina. Ƙasa da ita aka kwantar da wani faffaɗan akwatin katako a karkace, fuskarsa kudu. A cikinsa kwanon rufi ne da aka shafe da baƙin fenti, da bututun ƙarfe yana kai da komo a kansa kamar sawun maciji, aka rufe da gilashin tsofaffin tagogin ofis. Ruwan sanyi ya sauko daga gindin ganga, rana ta gasa shi a cikin akwati, ya hau da kansa ya koma sama. Wani bututun kuma ya bi bango ya sauka makewayi, da kan famfo a bakinsa. Mai ga-ruwa yakan jingina tsani ta bayan gida ya cika gangar, ya murɗe marfinta ya ɗaure, ba sai ya shigo ba.

A saman gangar akwai wani ɗan siririn bututu, tsawon kamu ɗaya, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Na rasa yadda zan kira shi da Hausa, sai na ce hanci, tunda ta nan gangar take fitar da tururi. Sunan ya bi shi. A takardar, layin da ya yi maganarsa da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, har da ja masa layi. Ni kuwa abin da na ce wa mijina kawai shi ne, "Wannan a bar shi a buɗe." Na sha komawa kan wannan layin a zuciyata.

Ranar da na buɗe famfo da la'asar ruwa ya zubo da zafinsa, tsalle na yi da cikina. Ba zan ɓoye ba.

Ba a kwana biyu ba limamin unguwa ya tsayar da mijina bayan Azahar. Ya ce masa ruwan da rana ta dafa a cikin ƙarfe makaruhi ne, magabata sun ce yana gadar da albaras. Mijina ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, za a duba." Ya shigo gida yana dariya. Amma maganar ta riga ta zaga unguwa. Matan da suke shigowa sayen ƙuli a maƙwabta sai su leƙo su ɗaga kai su kalli gilashin, su kalle ni, su ce Allah ya raba lafiya.

Haihuwar fari a gida ake yi, kowa ya sani. Mijina ya ce ba zan je Roni ba. Ya ce asibiti a nan yake. Ni na san ganga ce a nan. Sai aka turo mini Gwaggo, yayar ubana, wadda ta goye ni tun daga yaye har aka sa ni a mota zuwa Kano.

Na haihu a tsakiyar bazara, namiji. Washegari da sassafe Gwaggo ta jiƙa ganyen runhu, ta tara ƙwarya a bakin famfo, ta tsoma hannu. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wannan ruwan wanka ne ko fitsarin jariri?"

"Gwaggo, ya kwana ne. Da yamma za ki ga zafinsa."

"Da yamma. To sanyin da zai shige ki da safe, shi ma jira zai yi sai yamma? Kira mini mijin naki."

Ta same shi a zaure. Ina jin su daga ɗaki.

"Ɗan nan, ina itace?"

"Gwaggo, ai ga rana Allah ya ba mu kyauta."

"Allah ya ba uwarka ma rana, amma da itace ta yi jegonka, ga ka nan da ƙafa biyu kana yi mini Turanci. Ɗanyen jiki gare ta. In ta kumbura, Baturen ne zai zo ya yi jinya?"

Ya ba ta haƙuri, ya sake ba ta haƙuri, bai kawo itace ba. Ya riga ya faɗa wa Bature cewa matarsa za ta yi arba'in ba a hura wuta don wanka ba, Bature kuma ya ce in haka ta tabbata zai sa sunansa cikin masu tafiya kwas Kaduna. Gwaggo ta koma tsintar kara tana ɗan tafasa na safe a ɓoye in ya fita aiki. Kara kuwa ba ya dafa ruwan jego. Kullum tana yi mini wanka tana mita, tana danna mini ciki da ganye tana cewa, "Wannan ba wanka ba ne, shafa ce."

Soron yana da matakala, a can muke shanyar kuɓewa. Gwaggo ta fara hawa tana zaga gangar kamar mai taya akuya. Ranar suna da aka watse, ta sauko ta zauna a bakin gadona.

"Na gano ciwon tukunyar mijinki. A buɗe take. Zafin duk ta wannan ɗan bututun yake gudu, da idona na ga tururi."

"Hancinta ne, Gwaggo. Ta nan take numfashi."

"Ke da kika yi boko, kin taɓa ganin an yi dambu ba a liƙe madambaci ba?"

Dariya na yi har cikina ya yi ciwo. Na ce Gwaggo ba ta da dama. Ban tashi na ɗauko takardar ba. Ban ce mata in aka toshe shi mutum zai iya mutuwa ba. Dariya kawai na yi, irin ta 'yar makaranta, na juya na ci gaba da shan kunun kanwata.

Abin da ban sani ba, ta kuma ce wa mai ga-ruwa ya riƙa zuba rabi, wai ƙaramin ruwa ya fi saurin tafasa. Wace mace ce za ta ce ƙarya ta yi? A kan murhu haka ne.

Ranar kwana goma sha uku, rana ta yi irin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Bayan la'asar muka shiga makewayi. Gwaggo ta shimfiɗa zane a inuwar bakin ƙofa ta kwantar da jaririn, don in ta gama da ni ta yi masa nasa. Ta koma ɗauko ganye. Ina jin gangar tana wani gurnani daga sama, ƙwal, ƙwal, kamar ana buga ta da dutse daga ciki. Na murɗa famfo. Ba abin da ya fito. Na ƙara murɗawa.

Sai ya yi tsaki, wani dogon tsaki mai tsini, mahaɗar bututun da ke sama da kaina ta ɓalle. Ban ga ruwa ba. Fari kawai na gani, da ƙara. Abin da na sani shi ne ina kife a kan yaron, gwiwoyina a ƙasa, wani abu kamar garwashi yana zuba a kafaɗata da hannuna, yana zuba, bai daina ba. Yaron yana tsala kuka a ƙarƙashina, ni kuwa addu'a nake kada ya yi shiru.

Gwaggo ce ta ja mu waje. Ta tuɓe shi tana juya shi tana salati, ta duba bayansa, ta duba tsakanin yatsunsa. Ko ɗigo bai same shi ba. Zanen da yake kai kuwa, gefensa yana tururi. Tsakanin inda ruwan ya tsaya da kansa bai kai tafin hannu ba. Na auna wurin da idona, ina kuma aunawa har yau.

Mijina ya dawo kafin magariba ya same ni kwance rub da ciki, fata ta tashi bororo-bororo daga kafaɗa har wuyan hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Innalillahi." Sa'an nan ya juya ya hau soro.

Soro ya fara hawa. Ko na yafe masa komai, wannan tana nan.

Ya sauko da wani abu ya jefar a gaban Gwaggo. Totuwar masara ce, an naɗe ta da ƙyallen saƙi shuɗi, an dunƙule ta yadda za ta cika bakin bututu. Ƙyallen daga gefen zanen da ke jikinta aka yage shi.

Gwaggo ta zube. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da mijinta ya rasu, ta kama ƙafata tana kuka.

"Don ki samu ruwa mai zafi na yi, 'yar nan. Wallahi don ke na yi. Ki rufa mini asiri. In ubanki ya ji na kusa dafa masa jika, da wane ido zan koma Roni?"

Mijina ya ce hakan ma shi ne daidai. Ba wanda zai ji. Ba za a je asibiti ba, don malamin asibiti a teburi ɗaya suke cin abinci da akawun Bature. Zai sa a yi wa mahaɗar dalma gobe, a ce yoyo take. Ya faɗi wannan duka yana kallon bango.

"Kwana nawa ne, Malama? Ki daure. Bature ya zo ya tafi, shi ke nan."

Na ce to. Ina rawar ɗari, haƙorana suna haɗuwa, na ce to. Da suka fita na miƙa hannun hagu na jawo totuwar, na tura ta ƙarƙashin littattafaina a akwatin makaranta. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba a lokacin.

Da zuma da gashin zomo Gwaggo ta yi mini jinya. Ta iya, ba zan ci amanarta ba. In 'yan barka sun shigo sai in lulluɓe da mayafi, a ce mai jego kunya gare ta. Shayarwa ce azaba, don a hannun hagu kaɗai nake iya riƙe shi. Ɓawon ya bushe ya zube kafin arba'in. Abin da ya bari shi ne tabo fari-fari, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar ganyen magarya, a warwatse daga kafaɗa zuwa hannu.

Saura kwana biyu arba'in surukata ta iso daga Gwiwa. Inna mace ce mai tsawo, marar yawan magana. Mijina ɗanta ne na fari, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "wannan". Ta shigo ɗakina ba zato ina shayarwa, mayafin ya zame.

Ta tsaya. Ta matso ta kama hannuna ta gefen riga, ta juya shi wajen haske.

"Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ruwan gangar can kike wanka?"

"E, Inna."

Ta saki hannuna, ta goge yatsunta a zane. Ta fita tsakar gida ta aika a kira mata shi. Ina jin su ta taga.

"Kai wannan. Wani abu ya sami yarinyar nan? Wuta, ko mai?"

Na ce a raina yanzu zai faɗa. Uwarsa ce.

"Babu abin da ya faru, Inna."

Ta juya wajen Gwaggo, wadda take tankaɗe a gindin bango. "Yaya, ke da kike mata wanka?"

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka na ga yana fitowa."

"To," in ji Inna. "Abin da liman ya faɗa ne. Har Gwiwa maganar ta je, na ce ƙarya ne. Albaras."

Daga wannan rana aka ware mini kwano da moɗa. Inna ta ce ranar arba'in za ta tafi da yaron, ƙanwar mijina tana goyo, nononta ya ishi biyu. Ni kuma a nema mini magani, in Allah ya sa an dace, to. Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai cewa a kwashe shanya hadari ya taso.

Na jira mijina ya shigo. Na ce, "Malam, ka ji abin da Inna ta ce?"

"Na ji. Ki bari Bature ya zo, saura kwana shida. Da ya tafi zan hau keke in je Gwiwa in yi mata bayani."

"Ka yi mata bayanin ka yi mata ƙarya?"

"Ki rage murya."

"Nonona fa? In ya ƙafe kafin ka gama bayanin?"

"Haba, Malama. Ɗan fari ne fa. Ko babu wannan, ai kin san wata rana Inna za ta ɗauke shi. Me mutane za su ce in aka ji kina ja da ita a kansa?"

Nan ya kama ni, ya kuma san ya kama ni. Tun da aka haifi yaron ban kama sunansa ba. In an miƙo mini shi a gaban mutane, bango nake kallo. In an ce yana kama da ni, sai in ce ni ban gani ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka koya mini, ban kuma taɓa jin nauyin haka ba, don na san da an watse ni da shi ne a ɗaki, in shinshina wuyansa yadda nake so. Yanzu da wannan kunyar za a ɗaure mini baki a fita da shi. Su uku sun san ba zan iya magana ba. Biyu daga cikinsu sun san gaskiya.

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. Ina kallon Gwaggo tana haɗa masa 'yan rigunansa a ƙullin zane, tana sharar hawaye da gefen mayafi, ba ta yarda mu haɗa ido. Na yi ta cewa a raina za ta faɗa. Har safiyar arba'in ina cewa za ta faɗa.

Da hantsi matan unguwa suka cika tsakar gida, ana rabon gumba. Ba wadda ta shigo ɗakina, daga bakin ƙofa suke yi mini sannu. Aka ce motar gyaɗa mai bi ta Gwiwa ta tsaya a kasuwa. Inna ta shigo ta ɗauke shi daga kan gado, yana barci, bakinsa da sauran nono. Ta fita. Ta taga na ga ta sunkuya, Gwaggo ta ɗora mata shi a baya, da hannunta, ta miƙa mata majanyi.

Wannan majanyin ne ya tashe ni. Na buɗe akwati. Na fita ba mayafi, hannuna a waje, rana tana dukan tabon.

"Inna, ki sauke mini ɗana."

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu." Wata ta rufe baki da hannu tana dariya.

Inna ta juyo a hankali. "Ɗan wa?"

"Ɗana." Na matso gabanta. "Ɗana ne, ni na haife shi. Wannan kuma ba albaras ba ne, ƙuna ce. Gangar ce ta fashe a kanmu, na kife a kansa. Ga abin da aka toshe hancinta da shi."

Na ajiye totuwar a kan turmi.

Shuɗin ƙyallen yana nan a jikin totuwar, zanen da aka yage shi kuma yana ɗaure a ƙugun Gwaggo, da giɓinsa a gefe. Mata ba sa bukatar a yi musu bayanin zane. Na ga idanu suna tafiya daga turmi zuwa ƙugunta.

"Nawa ne," in ji Gwaggo. Da ƙyar aka ji ta. "Ni na liƙe. Na ɗauka kamar dambu ne."

Inna ta ce a kira mata shi daga zaure. Ya shigo yana gyara hula, ya ga hannuna, ya ga turmi, ya tsaya.

"Kai wannan. Na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

"Inna, Bature ne zai..."

"Bature ne ya haife ka?"

Matan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowace da gumbarta da labarinta.

Inna ta kwance majanyin. Ta zamo da yaron ta gefe, ta riƙe shi, ba ta miƙo ba tukuna. Ta kama hannuna, wannan karon fata da fata, ta shafa tabon da babban yatsa.

"Marar kunya," ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji. "A gaban mutane. Ni da aka zo ɗaukar nawa, bango na kalla."

Ta saka mini shi a hannu. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta tafi ta hau motarta, ba ta yi wa ɗanta sallama ba.

Gwaggo ta bi ayarin masu jakuna zuwa Roni washegari, tun ban fito ba. Har yau ba ta aiko da gaisuwa ba. Na aika mata da turmin atamfa, aka dawo mini da shi. Wasu ranakun ina jin haushinta har in kasa haɗiyar abinci, wasu ranakun kuma in tuna bayanta ne na fara sani a duniya. Ubana ya aiko a gaya mini na kyauta da na tozarta yayarsa a bainar jama'a. Bai tambayi hannuna ba.

Bature ya zo ranar da ya ce. Ina jin takalmansa a kan soron ɗakina, ƙasa tana zubo mini a gado. An ce ya tsoma yatsa a ruwan, ya cire da sauri, ya yi dariya, ya rubuta wani abu a littafinsa. Ko labarin ya kai kunnensa, ban sani ba. Bai tambaya ba. Sunayen masu tafiya Kaduna ba su fito ba tukuna, mijina kuma yana gaishe ni kamar baƙuwar da ta daɗe. A unguwa an sa mini suna. In na wuce zuwa barka sai in ji ana cewa, "Ga Ɗana-ne nan." Har matar liman, wadda ta zo da kanta ta duba hannun ta ce ƙuna ce, ita ma haka take kirana.

Gangar tana nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tana aiki. Da ruwanta nake wanke tsummokaran yaron, suna fita fes. Na ɗauko takardar na sake fassara layin nan mai manyan baƙaƙe yadda yake, na sa mijina ya karanta wa mai ga-ruwa, na kuma ce in ya sake zuba rabi ya nemi wani gidan. Kullum da safe ina hawa soro da tsinken tsintsiya in zura a hancin, in ji ya wuce, sa'an nan in sauko. Da la'asar kuwa, kafin in taɓa famfo, sai na kai yaron can ƙarshen gida, gindin bishiyar lemo, na kwantar da shi, na dawo. In na murɗa, da hannun hagu nake murɗawa, fuskata tana wajensa.